Amsoshin tambayoyinku: Kanti, Singa ko Maraɗi, ina cefane ya fi sauƙi?

Tambayoyin wannan makon duk a kan cefane suka taru, don haka na zaɓi guda huɗu da nake ganin amsarsu za ta wadatar da sauran.

Malam, ni ma'aikacin gwamnati ne a Rijiyar Zaki da ke Kano, mu tara ne a gida. Wani abokin aikina ya ce shinkafa 'yar waje da taliya da madarar gari sun fi araha nesa ba kusa ba a Maraɗi. Mu huɗu muna son mu haɗa kuɗi, mu ɗauki mota mu yo sayayyar wata uku. Me ka gani?

Ɗan'uwa, shawarata kada ku je. Labarin da abokinka ya ba ka ya taɓa zama gaskiya, amma zamani ya wuce da shi, kuma zan faɗa maka dalili dalla-dalla don ka samu abin da za ka gamsar da sauran ukun.

Fara da kuɗin da za ka riƙe. A Maraɗi da sefa ake ciniki, ita kuwa sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi. Naira ce ke hawa da sauka. Tun da aka saki farashinta a watan Yunin 2023 ta yi ƙasa sosai, har a shekarar 2024 sefa 1,000, wadda mutanen can ke kira jikka, ta haura naira 2,000. Albashinka da naira ake biyanka. Kafin ka yarda da kowane farashi da aka faɗo maka daga ƙetare, leƙa Wapa ka tambayi 'yan canji nawa jikka take yau, ka buga lissafin da kanka. Sau da yawa a nan arahar take ƙarewa tun ba a hau mota ba.

Sai hanyar da kayan ke bi. Shinkafar da ake kira 'yar waje ba a Nijar ake noma ta ba, daga Indiya da Tailan take zuwa ta ruwa. A da tashar Kwatano ake sauke ta, ta tsallaka gada a Gaya, ta iso Maraɗi cikin sauƙi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Nijar ta bar iyakarta da Benin a rufe, kaya suka koma zagayowa ta Lome su ratsa Burkina Faso, hanya mai nisa da rashin tsaro. Duk kuɗin wannan zagaye a kan buhun yake sauka. A watan Oktoban 2024 kuma gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi irin su gero da dawa da masara da shinkafa zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso, alamar su ma abincin bai yi musu yawa ba.

Abu na uku shi ne wanda ya fi damuna. An sake buɗe iyakar Najeriya da Nijar a watan Maris na 2024, haka ne, amma buɗe iyaka bai halatta kowane kaya ba. Tun 2016 hukumar kwastan ta hana shigo da shinkafa ta kan iyakokin tudu. Taliya da tataccen man girki da daskararrun kaji duk suna cikin jerin kayan da aka haramta shigowa da su. Motar da ta ɗauko buhu goma ko sha biyu ba za a kira ta tsarabar matafiyi ba, fasa-ƙwauri ne a idon doka, kuma daga Jibiya zuwa Katsina shingayen bincike ba su ƙirguwa. In aka kama, kaya sun tafi, wataƙila har motar mutane. Kai ma'aikaci ne, sunanka a takardar kamu ba ƙaramin abu ba ne. Ga kuɗin mota zuwa da dawowa, ga kwana, ga yanayin tsaro a yankin Jibiya da kowa ya sani. Garin neman ƙiba kada a samo rama.

Ka lura da inda motoci ke fuskanta ma. Je ka kasuwar kayan masarufi ta Singa ko kasuwar hatsi ta Dawanau da hantsi ka saurari harshen masu lodi, za ka ji Hausar Maraɗi da ta Damagaram. Su ne ke zuwa sari a wurinmu, domin sefarsu tana da ƙarfi a kan naira. Wanda yake zaune a garin da ake zuwa sari bai kamata ya tafi neman araha garin masu zuwa ba.

Abin da Nijar ta fi mu da shi daban ne: dabino, aya, cuku, albasar Galmi, busasshen tattasan Diffa, kanwa, jajayen awakin Maraɗi. Waɗannan kuwa fatake sun riga sun kawo maka su har Kano. In zumunci ya kai ka can, ka yo tsarabarsu da hannu biyu.

Kuɗin nan da kuka yi niyyar haɗawa, ku haɗa ɗin, dabarar tana da kyau. Ku kai su wurin dila a Singa, ko ku nemi masu sayar da shinkafar kamfanonin da ke cikin jihar nan, irin su Umza da Tiamin, ko ku nufi Kura inda ake noma ta da ruwan madatsar Tiga ake kuma gyara ta a wurin. Ku sa a buɗe buhu a gabanku, ku damƙi shinkafar ku shinshina, ku duba tsakuwa da karyayya, ku sa a ɗora a sikeli. Kada rubutun jikin buhu ya ruɗe ku, domin akwai masu juye ta gida a buhun waje su ƙara mata kuɗi.

Malam, ni uwargida ce a Gadon Ƙaya. Maigida kan ba ni kuɗin cefanen wata a dunƙule. Ina son manyan kantuna saboda tsafta da kwanciyar hankali, amma ƙawayena na cewa asara nake yi, in koma kasuwa. Wa ke da gaskiya?

Hajiya, kowa na da rabinta. Kada ki zaɓi wuri guda, ki raba jerin cefanenki gida uku.

Babban kanti da mai shagon layinku kusan duk daga dilolin kamfani ɗaya suke ɗauka. Bambancin shi ne kanti yana biyan haya mai tsada, da man janareta, da na'urar sanyaya ɗaki, da albashin ma'aikata, kuma ke ce za ki biya su a cikin farashi. Wannan nauyi ba wasa ba ne. Shoprite da ya buɗe a Ado Bayero Mall a 2014 cikin gagarumin biki ya rufe reshensa na Kano a watan Janairun 2024, alhali kantunan 'yan gida irin su Sahad da Jifatu suna nan, sababbi kuma sai buɗewa suke a manyan tituna. Garin da ke da Singa da Sabon Gari da Rimi ba ya barin kanti ya yanka farashin da ya ga dama.

Wannan gasa riba ce gare ki in kin san yadda take tafiya. Mai kanti ya san akwai kayan da kowace mace ta haddace kuɗinsu: sukari, taliya, man gyaɗa, sinadarin ɗanɗano, madara. A kansu yake rage riba, wani lokaci har ya yi daidai da kasuwa, don ki shigo. Inda yake fanshewa shi ne abin da ba ki zo saye ba: biskit da cakulan da aka jera daidai idon yaro a kusa da wurin biya, turare, man shafawa, kayan roba. Ki shiga da takarda, ki fito da abin da ke takardar. In da hali, ranar cefane a bar yara a gida.

Kayan gwangwani da na kwali da kike bukata ɗaya ko biyu, da abin da sai an ajiye shi cikin sanyi, da abincin jarirai, ki saye su a kanti, inda za ki tsaya a tsanake ki karanta ranar lalacewa da lambar NAFDAC, a kuma ba ki rasit. Abin da kike cinye katan guda ko jarka guda a wata, Singa ce wurinsa, amma ki haɗa da kuɗin A Daidaita Sahu da na ɗan dako a lissafi, don wanda zai sayi rabin dozin bai ci ribar shiga cunkoson Singa ba. Kayan miya da 'ya'yan itace kuwa ban ga dalilin sayensu a kanti ba, ga 'Yankaba ga 'Yan Lemo. Tumatirin da aka naɗe a leda aka manna wa farashi, daga kwandon can ya fito.

Ki kuma koyi duba nauyi, nan ne ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Kamfanoni sun gane cewa ƙarin kuɗi yana korar mai saye, sai suke rage abin da ke ciki su bar kwali yadda yake. Mu ƙaddara leda biyu na madara, ɗaya giram 400 a naira 4,000, ɗaya giram 320 a naira 3,500. Ido zai ce ta biyun ta fi sauƙi. Raba kuɗin da nauyin: ta farko naira 10 kowane giram, ta biyu kusan naira 11. Wayarki tana da kalkuleta, minti ɗaya ya isa. Haka garaɓasar “sayi biyu a ba ka ɗaya”: juya gwangwanin ki ga wata nawa ya rage masa.

Hatsi kuma a Dawanau, da kaka, lokacin da sabo ya shigo. In buhu ya yi miki yawa, ku yi watanda da maƙwabta kamar yadda ake yi da sa a lokacin salla: a sayi buhu, a zauna a auna da kwano ɗaya a gaban kowa.

Malam, na ɗauki man girki a wani kanti, kuɗin da ke rubuce a kanta daban, da na je biya kwamfuta ta nuna sama da haka. Suka ce sabon farashi ne ba a canja takardar ba. Kunya ta sa na biya. Ina da hakki?

Kina da shi, ƙanwata. Dokar gasa da kare hakkin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta wajabta wa mai kanti ya nuna farashi, ta kuma hana shi karɓar fiye da abin da ya nuna. A watan Fabrairun 2024 hukumar ta rufe wani babban kanti a Abuja a kan irin wannan. Nan gaba ki ɗauki hoton takardar da ke kanta, ki nemi manaja cikin ladabi, kada ki tsaya jayayya da yarinyar da ke karɓar kuɗi don ba ita ta sa farashin ba. In ya ƙi, ki ajiye kayan, ko ki biya ki riƙe rasit ki kai ƙara hukumar, ko hukumar kare hakkin masu saye ta jihar Kano. Kunya a nan ba ta da wuri, kuɗinki ne.

Malam, shekarata ashirin da ɗoriya ina da shagon tireda a Ɗorayi. An buɗe babban kanti a bakin titi, masu ɗan hali duk sun koma can, sai masu karɓar bashi suka rage min. In ƙara jari in yi gogayya da su, ko in canja sana'a?

Baba, wasiƙarku ta taɓa ni, domin shago irin naku shi ya riƙe unguwanni a shekarar 2024 lokacin da hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Gidaje da yawa da littafin bashinku suka ga ƙarshen wata. Kada ku canja sana'a, kada kuma ku ci bashi don ku cika shago da katan-katan, a wannan fagen sun fi ku jari.

Ku tsaya inda ba za su iya zuwa ba. Kanti ba ya ƙulla sukarin naira ɗari, ba ya auna mai da ludayi, ba ya sayar da ƙwai ɗaya, ba ya buɗewa bayan sallar asuba lokacin da uwa ke neman ganyen shayi da burodi kafin yara su tafi makaranta. Ba ya karɓar aike daga yaro ɗan shekara bakwai ya san daga gidan wa yake. Masu halin da kuke cewa sun tafi, cefanen wata suka kai can, amma ashana da gishiri da magi in sun yanke da daddare wurinku za su aiko.

Ku zauna da littafinku ku fitar da kaya goma sha biyar ko ashirin da suka fi fita, ku zuba jarin a kansu, sauran da ke shan ƙura a kanta ku karyar da su ku huta. Ku nemi masu shago uku ko huɗu na kusa ku riƙa yin sari tare a Singa, dila zai sassauta, kuɗin mota kuma ya rabu. Ku rubuta farashi a kwali ku liƙa, yana sa mai saye ya saki jiki. Ku karɓi tiransifa, don matasa yanzu ba sa yawo da tsabar kuɗi.

Bashi kuwa ku yi masa iyaka, don shi ne ke kashe shago, ba kantin bakin titi ba. Kowane gida a san adadin da ba za a wuce ba da ranar biya, a faɗa wa maigidan baki da baki tun farko, ba ta hannun yara ba. Wanda ya cika alkawari wata uku a jere a ƙara masa, wanda ya saɓa a dakata har ya sauke na baya.