Maganin ƙarin jini zai gyara wa ɗana karatu?

Tambaya: Ɗana shekararsa 8, yana aji uku. Malaminsa ya ce gyangyaɗi yake yi a aji, abin da aka koya yau gobe ya manta. Mai kyamis ya nuna min wani siraf mai tsada na ƙarin jini. In saya? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, ki fara kashe kuɗin nan a wajen gwajin jini. Ki ja fatar idonsa ta ƙasa, ki duba tafin hannunsa. In sun yi fari fat, alama ce, amma gwaji ne ke yanke hukunci. Yaro mai shekara 5 zuwa 11, in ma'aunin jininsa na haemoglobin (Hb, sinadarin da ke sa jini ja) ya gaza 11.5, yana da ƙarancin jini.

In ƙarancin sinadarin ƙarfe ne sanadi, maganin yana taimaka wa karatu. Wani nazari da aka buga a Kanada a 2013 ya haɗa gwaje-gwajen da aka yi wa 'yan firamare, ya gano masu ƙarancin jini sun ƙaru da kusan maki 4.5 a gwajin kaifin basira. Yaron da jininsa ke cike kuwa, kada ki sa rai da wani canji.

Tsadar siraf ba ta ƙara masa ƙarfi. Ki karanta adadin ƙarfen da ke ciki, ki duba lambar NAFDAC. Ƙwayar Fersolate mai miligiram 200, wadda ake ba masu ciki, tana ɗauke da kimanin miligiram 65 na ƙarfe, kuma ta fi araha nesa. Likitoci kan ba da miligiram 3 a kowane kilo na nauyin yaro a rana. Mai kilo 22, ƙwaya ɗaya ke nan. Bari likita ya auna shi tukuna.

Inda ake yawan ɓata abin shi ne wajen karin kumallo. Shayi da madara suna hana hanji tsotse ƙarfen, don haka a sa tazarar awa biyu tsakaninsu da maganin, a ba shi maganin da lemon zaƙi ko gwaba. Bayan gidansa zai yi baƙi, wannan ba komai. Bayan wata guda a sake gwaji. Ko jinin ya cika, a ci gaba wata biyu zuwa uku, domin rumbun ƙarfen jiki bai cika ba.

In jinin bai motsa ba, wataƙila akwai abin da ke cinye shi: tsutsar ciki, tsargiya, ko zazzaɓin cizon sauro. Mai sikila kuma kada a ba shi sai da izinin likitansa.

Ki ɓoye ƙwayoyin nesa da ƙannensa. Kamar alawa suke, 'yan kaɗan na iya halaka ɗan shekara biyu.

Tambaya: Lemon malt da madara fa, suna ƙara jini?

Amsa: A'a, yawancinsa sukari ne. Da kuɗin ki sayi hanta, ki dafa masa da wake.