Tambaya da Amsa: Renon Yasmin ɗin Madagaska a Cikin Ɗaki

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa duk a kan tsiro ɗaya suke, wato yasmin ɗin Madagaska, wanda masana tsirrai ke kira Stephanotis floribunda. Tsiro ne mai naɗo, ganyensa na da kauri da sheƙi, furensa fari ne fat mai leɓe biyar da ke fitowa a dunƙule, kuma ƙamshinsa kan cika ɗaki. Asalinsa tsibirin Madagaska ne, kuma masanin tsirrai ɗan ƙasar Faransa, Du Petit-Thouars, shi ne ya sanya wa jinsinsa suna a 1806. Ba shi da dangantaka da ainihin yasmin. Danginsa su ne su tumfafiya, kuma wannan zumunci zai bayyana a wasu amsoshin da ke ƙasa.

Tambaya: Assalamu alaikum. An ba ni wannan tsiro kyauta a tukunya, an naɗe shi a kan zoben waya, cike da tohon fure. Saboda ina son kowa ya ji ƙamshinsa, da rana nakan ajiye shi a bakin taga, da dare kuma in mayar da shi tsakiyar falo. Ba a daɗe ba yawancin tohon ya yi rawaya ya zube tun bai buɗe ba, alhali kullum da safe sai na ba shi ruwa. Ina matsalar take? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Amsar na cikin wasiƙarki, domin abubuwa biyun da kike yi don kyautata masa su ne suka fi cutar da shi. Da zarar wannan tsiro ya fara toho, ba ya son a taɓa tukunyarsa, balle a riƙa kai ta ana dawo da ita. Kowane toho yakan saba da ɓangaren da haske ke zuwa masa da kuma ɗumin wurin, to idan waɗannan suka riƙa sauyawa safe da yamma, sai tsiron ya saki tohon daga wuyansa, ki wayi gari ki tarar da shi a ƙasa. Ko juya tukunyar kaɗan a inda take yana iya jawo haka.

Saboda haka ki zaɓa masa wuri guda ki bar shi a nan. Tagar da ke fuskantar gabas ta fi dacewa, domin yana samun hasken safiya mai sauƙi. Idan tagar mai shan ranar tsaka ce ko ta la'asar, ki sa labule marar kauri a tsakani, don rana mai ƙarfi ta cikin gilashi tana ƙona ganyen. Ki nesanta shi daga bakin na'urar sanyaya ɗaki, da fanka, da ƙofar da ake yawan buɗewa. Ɗumin da ya fi so a lokacin girma da fure shi ne digiri 18 zuwa 24 a ma'aunin Salshiyas, amma rashin sauyawar ɗumin ya fi ainihin adadin muhimmanci. Wata 'yar dabara ita ce ki ja layi da alli a gefen tukunyar da ke kallon taga, ta yadda idan shara ta tilasta miki ɗaga ta, za ki mayar da ita daidai yadda take.

Ban ruwan kullum kuwa ki daina shi. Ki tura yatsa cikin ƙasar kamar santimita 2 zuwa 3, idan kin ji danshi ki ƙyale shi, idan ta bushe ki zuba ruwa sosai har ya fito ta ramin ƙarƙashin tukunya, sannan ki zubar da wanda ya taru a faranti. Saiwar da ta kwana cikin ruwa numfashi take rasawa, kuma tsiron da saiwarsa ta fara ruɓewa toho yake fara zubarwa. Barin ƙasar ta bushe ƙayau ma yana haifar da irin wannan asara. Ruwan kada ya zama mai sanyi. Idan iskar ɗakin busasshiya ce, ki ɗora tukunyar a kan tire mai tsakuwa da ɗan ruwa, amma kada gindinta ya taɓa ruwan. Kina iya fesa wa ganyen ruwa, ki kauce wa furen, domin digon ruwa yana bar masa tabo. Tohon da ya zube ba zai dawo ba, sai dai tsiron lafiyarsa ƙalau matuƙar ganyen na nan kore, kuma zai sake yin wani a kan sababbin rassa.

Tambaya: Nawa ya shekara biyu a hannuna. Ya yi tsawo har ya kama sandar labule, ganyensa kore shar, kuma ba na fashin ba shi takin zamani duk wata, rani da damina. Kwanan nan ma na mayar da shi babbar tukunya. Duk da haka ko fure ɗaya bai yi ba tun wanda na saye shi da shi. Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam, tsironka ya ƙoshi ne fiye da kima, kuma bai taɓa samun hutu ba. A ganina wannan shi ne babban dalilin da ke hana shi fure a yawancin gidaje. Yana buƙatar wani lokaci a shekara, kamar wata biyu zuwa uku a lokacin da ya fi sanyi, da za a ajiye shi a wuri mai haske da ɗumin digiri 13 zuwa 15, a rage masa ruwa har ƙasar ta kusa bushewa tsakanin ban ruwa da ban ruwa, a kuma tsayar da taki gaba ɗaya. Kada sanyin ya sauka ƙasa da digiri 10, don daga nan lahani yake farawa. Wanda ke zaune a ƙasa mai zafi, inda da wuya ɗaki ya yi irin wannan sanyi, sai ya yi abin da ke hannunsa: ya zaɓi ɗakin da ya fi sanyi da haske, ya rage ruwa, ya janye taki. Wannan ma yana taimakawa ƙwarai.

Sai batun takin kansa. Takin da naitirojin ya yi yawa a cikinsa ganye da tsawo yake bayarwa, kuma abin da kake gani ke nan. Idan hutu ya ƙare, sabon tsiro ya fara leƙowa, ka koma ga takin ruwa mai yawan fotashiyam, irin wanda ake yi wa tsirrai masu fure da 'ya'ya, ka tsarma shi zuwa rabin ƙarfin da aka rubuta a jikin kwalba, ka ba shi duk mako biyu har fure ya ƙare.

Babbar tukunyar ma ba ta taimake ka ba. Tsiron ya fi yin fure idan saiwarsa ta ɗan cika tukunya, amma idan ya sami sarari sai ya shagala da baza saiwa, ƙasar da ba ta da saiwa kuma ta riƙa riƙe ruwa. Tunda an riga an sauya, kada ka sake tumɓuke shi, ka dai ƙara lura da ban ruwa. Nan gaba sauyin tukunya sau ɗaya a shekara biyu ko uku ya isa, zuwa wadda ta ɗara tsohuwar kaɗan, da ƙasa mai sakin ruwa wadda aka gauraya da yashi mai gautsi da ɓarzajjen ɓawon itace.

Ka kuma duba inda kan tsiron yake. Reshen da ya haye sandar labule ya wuce taga, wato sashen da ya kamata ya yi fure yana cikin duhun saman ɗaki. A daji yana iya kai mita 6, don haka ba zai tsaya da kansa ba. Ka warware shi a hankali a ƙarshen hutu, ka naɗa shi a kan zobe ko 'yar rumfar sanduna daidai tsayin tagar, ka ɗaure shi sako-sako da zare mai laushi. A lokacin ne kuma ake rage rassa, a cire raunana da busassu, a gajarta waɗanda suka yi tsawo. Furen a hammatar ganyen sababbin rassa yake fitowa, don haka wanda ya yi aski bayan sabon tsiro ya fito, furen shekarar ya yanke. Za ka ga farin ruwa na tsattsafowa daga wurin yankan, kamar na danginsa. Ka wanke hannu bayan aikin, kuma kada ya taɓa ido.

Tambaya: Ganyen nawa yana komawa rawaya amma jijiyoyinsa na nan kore, kuma ina ganin wani abu fari kamar auduga a inda ganye ya haɗu da reshe. Ciwo ɗaya ne? Daga wata mai karatu.

Amsa: Matsala biyu ce, Hajiya. Rawayar da ta bar jijiyoyi kore, musamman a sababbin ganye, alama ce ta cewa tsiron ya kasa zuƙar sinadarin ƙarfe, kuma galibi ruwa mai yawan kalsiyam ne sanadi, irin wanda ke barin farin dabbare a bakin tukunya. Ki koma ba shi ruwan sama ko tacaccen ruwa, ki ƙara masa takin ƙarfe na ruwa. Farin abin kuwa ƙwari ne masu tsotson ruwan tsiro da ke fakewa cikin wannan lulluɓi. Ki ware tukunyar daga sauran tsirrai, ki jiƙa auduga da sifirit ki goge su ɗaya bayan ɗaya, har da bayan ganye da ƙarƙashin zaren ɗauri, sannan ki fesa ruwan sabulu marar ƙarfi ko man darbejiya. Ki maimaita duk mako har ki daina ganinsu, domin ƙwansu yana ci gaba da ƙyanƙyashewa bayan gogewar farko.

Tambaya: Bayan fure ya wuce, wani koren abu mai kama da ƙaramin mangwaro ya fito a jikin nawa. Ana ci? Kuma ta yaya zan sami wani tsiron daga wannan? Daga wani mai karatu.

Amsa: Ba a ci, Malam, kuma a kiyaye shi daga yara. Kwanson iri ne, kuma ba kasafai yake fitowa a cikin ɗaki ba. Yakan ɗauki watanni da yawa, wani lokaci kusan shekara, kafin ya nuna ya tsage, a ga iri falle-falle a jere, kowanne da farin gashi mai laushi da iska ke ɗauka. Idan kana son irin, ka sa wa kwanson 'yar jakar raga da ya fara sauya launi, ka shuka irin tun yana sabo a ƙasa mai ɗumi da danshi. Sai dai tsiron da ya fito daga iri yakan shekara da dama kafin ya yi fure, kuma renon kwanson yana rage wa uwar ƙarfi, shi ya sa masu son fure kan cire shi tun yana ƙarami.

Hanya mafi sauri ita ce dashen reshe. Ka yanki reshen da ya fara ƙwari amma bai zama itace ba, tsawon kamar santimita 10 mai gaɓa biyu, yankan ya kasance daf da ƙarƙashin gaɓa. Ka cire ganyen ƙasa, ka bari farin ruwan ya tsaya, ka kafa shi a cakuɗen yashi da ƙasa mai sauƙi, ka rufe tukunyar da leda mai haske don riƙe laima, kana buɗe ta lokaci lokaci don iska ta shiga. A ɗumin digiri 21 zuwa 25, nesa da rana kai tsaye, saiwa kan fito cikin mako 4 zuwa 8. Ka dasa fiye da ɗaya, domin ba duka ke kamawa ba, kuma kada ka cire ledar gaba ɗaya sai ka ga sabon ganye ya fara buɗewa.