Tambayoyinku Kan Lantarki: Haɗa Amfilifayar Hedifon Mai Bawul da Hannunka

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina son in haɗa amfilifayar hedifon mai aiki da bawul, wato kwan gilashin nan irin na rediyon da. Na iya ɗiga dalma, amma ban taɓa aiki da bawul ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Fara da hedifon ɗin da ke hannunka kafin ka sayi ko da rasista ɗaya. Duba kwalinsa ka ga om nawa aka rubuta, domin wannan lambar ce za ta zaɓa maka tsarin da ya dace. Bawul gwanin bolt ne amma marowacin karan, wato yawan wutar da ke gudana, shi kuwa hedifon mai om 32 karan yake nema. Mai om 250 zuwa 600, irin su Sennheiser HD 600 mai om 300, shi ne ke jituwa da bawul zalla.

Ga mai koyo, shawararmu ita ce tsarin gamin-gambiza a kan bolt 24: bawul ya ƙara girman sauti, taransista ta ɗauki nauyin tura hedifon. Bawul ɗaya samfurin 12AU7, wanda a Turai ake kira ECC82, ya isa, saboda biyu ne a cikin gilashi guda, ɗaya na kunnen dama ɗaya na hagu. Ƙafafunsa tara, kowace da sashen cikin bawul da take kaiwa: 1 da 6 faranti, 2 da 7 raga, 3 da 8 katod, 4 da 5 hita, ta 9 kuma tsakiyar hitar. Idan kana kallon soket daga ƙasa, ƙidaya daga giɓin nan ka bi yadda hannun agogo ke tafiya. A nan ne sababbin hannu suka fi yin kure, su ƙidaya daga sama su juya komai.

Hita na son bolt 12.6 da miliamfiya 150 tsakanin ƙafa ta 4 da ta 5, a bar ta 9 ba a haɗa ba. Mai daidaita wuta 7812 zai ba ta bolt 12, kuma hakan ya wadatar, sai dai zai ƙona kusan wat 1.8, don haka a ɗaura masa ƙarfen shanye zafi. Ga kowane kunne kuma: sauti ya shiga ta maɓallin murya na 50k, wato om dubu 50, ya ratsa kafasita 1µF zuwa raga, rasista 100k daga raga zuwa layin ƙasa, wata kamar om 330 a katod. A faranti ka jera rasista 4.7k da rasistar murɗawa ta 50k zuwa bolt 24. Daga faranti sai ƙofar taransista IRF510 ta cikin rasista om 220, wadda za ka manna dab da ƙafar taransistar. A ƙarƙashin taransistar sa mai daidaita wuta LM317 da rasista om 10, shi zai riƙe karan daram a miliamfiya 125, domin 1.25 raba 10 ke nan. Bayan minti goma da kunnawa, murɗa 50k ɗin nan a hankali har mita ta nuna kusan bolt 12 a mafitar taransistar. IRF510 da LM317 kowanne zai yi zafin wat ɗaya da wani abu, su ma suna son ƙarfen shanye zafi, kuma bayansu na ƙarfe ɗauke yake da wuta, kada su taɓa akwati ba tare da shimfiɗar kariya ba.

Gaskiya guda: a bolt 24 bawul ba ya nuna dukan bajintarsa. Amma a nan za ka koyi aikin ba tare da ka sa ranka a haɗari ba.

Tambaya: Na gama haɗawa, sauti ya fito tas amma ba kauri, ganga kamar ana bugun gwangwani. Kafasitar mafita 100µF ce, hedifon om 32.

Amsa: Ka riga ka faɗi cutar da bakinka. Kafasitar mafita da hedifon tare suke zama rariya mai tace ƙananan sautuka, kuma inda tacewar ke farawa ana samunsa ne da raba 1 da 6.28 sau om sau farad. A om 32 da 100µF ya kama kusan haz 50, ka ga an yanke maka gindin sauti. Sa 470µF ya sauka kusan haz 11, ko 1000µF ya koma 5. Ɓangaren da aka yi wa alamar ƙari ya fuskanci taransista, kuma ta zama mai jure aƙalla bolt 35.

Tambaya: Ni bawul zalla nake so, marar taransifomar mafita, da bawul samfurin 6080. Me zan kiyaye?

Amsa: Ranka, kafin komai. Irin wannan na aiki da ɗaruruwan bolt a ɓangaren wuta, kuma kafasita na riƙe cajinta bayan an zare fulogi. Haɗa rasista 220k mai wat 2 a kan babbar kafasitar ta zauna can dindindin. Idan kafasitar 100µF ce, sai an ba ta kusan minti biyu kafin ta huce. Ko bayan haka kada ka yarda da agogo, auna da mita ka ga ta sauka ƙasa da bolt 10. In za ka yi awo wuta na kunne, maƙala baƙar wayar mita a jikin akwati tun kafin ka kunna, ka yi aiki da hannu ɗaya, ɗayan a aljihu. Akwatin ƙarfe dole a ɗaure shi da wayar ƙasa ta fulogi da tasa ƙusar, kuma a sa fis. Kunnawar farko a yi ta da kwan fitila mai zare na wat 60 a jere da layin wuta: in ya haska ya dushe, lafiya, in ya tsaya da haske tar, akwai inda wayoyi suka haɗe, kashe nan take.

Shi 6080, ɗan'uwan 6AS7G, hitarsa kaɗai na shan amfiya 2.5 a bolt 6.3, saboda haka a zaɓi taransifoma mai rara, a kuma huda wa akwati wurin shan iska. Turjiyar mafitarsa takan kai om ɗari ko fiye. Hedifon mai om 300 zai ji daɗinta, mai om 32 kuwa sautinsa zai kumbura ya rasa kamun kai.

Tambaya: Akwai gurnani a kunne ko da an rage murya gaba ɗaya. Daga ina?

Amsa: Saurari irin gurnanin. Mai zurfi, sumul, a haz 50 ko 60 gwargwadon wutar ƙasarku, yawanci daga hita ne ko daga maganaɗisun taransifoma. Tufke wayoyin hita biyu sosai kamar igiya, kwantar da su a kusurwar akwati nesa da wayar raga, inda dole su gitta, su gitta kamar alamar ƙari. Idan wutar hita daga taransifoma ba ta da wayar tsakiya, yi mata da rasista biyu masu om 100, daga kowace waya zuwa layin ƙasa. Mai kaushi kuwa, ninkin wancan, haz 100 ko 120, alamar tacewar wuta ce ba ta isa ba, ko an haɗa ƙasan sauti a kan hanyar da karan cajin kafasitar farko ke bi. Tattara dukan wayoyin ƙasa su haɗu da akwati a wuri ɗaya tak. Gwaji mai sauƙi: kashe na'urar kana saurare. In gurnanin ya ɗauke nan take alhali sauti na ci gaba na ɗan lokaci, ka tabbata daga wutar gida yake shigowa.

Tambaya: Duk lokacin da na kunna sai in ji ɗas mai ƙarfi a hedifon. Zai lalata shi?

Amsa: Zai iya. Kafasitar mafita ce ke cika ta cikin hedifon. Sa rasista 1k daga mafita zuwa layin ƙasa ta cika ta can, sannan ka jira daƙiƙa 30 kafin ka soka hedifon, ka kuma zare shi kafin ka kashe.