Wai Sinanci ya fi kowane yare wahalar furtawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina shirin fara zuwa Guangzhou a kudancin ƙasar Sin saro kaya, ina so in koyi yarensu ko kaɗan ne amma abokaina sun ce kar ma in wahalar da kaina wai bakin Bahaushe ba zai iya ba, gara in ƙara Turanci. Dan Allah haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa albarka a nema. Gaskiya ban yarda da maganar abokanka ba, don wahalar furuci ta danganta ne da abin da harshen mutum ya saba da shi tun yana yaro. Duba Larabci da muke ji kullum tun daga makarantar allo, harafin ض sai da kakanninmu suka mayar da shi "l", shi ya sa muke cewa alwala da farilla da alƙali, ث kuma ya koma "s" a Usman. Turancin ma da suke tura ka gare shi ai har gobe p da f suna ba mu aiki, kuma ba ma son baƙaƙe su haɗu ba wasali a tsakani, daga nan burodi ya samo asali.

Abin da ke firgita Bature a Sinanci shi ne karin sauti, kai kuwa da shi aka haife ka, kukan yaro da kukar miya ai a rubuce duk kuka ne amma ba ka taɓa rikita su a baki ba. Mandarin, wato Sinancin da aka fi yi a faɗin ƙasar, kari 4 gare shi, na sama a miƙe, mai hawa, mai sauka ya sake hawa, da mai faɗuwa, mu muna da na sama da na ƙasa da mai faɗuwa, mai hawan nan ne babu a Hausa kuma nan za ka sha fama don sai kunne ya saba kafin baki ya bi. Ka kula sosai da kalmarsu ta "mai", in ka nutsar da murya ka ɗago saye ne, in ka sake ta ta faɗi sayarwa ne. Haka kalmominsu "si" da "shi", wato 4 da 10, mutanen kudancin Sin da yawa ba sa bambanta s da sh to karin ne kawai zai cece ka, shi ya sa in ana ciniki ka sa a buga maka farashi a kalkuleta.

Mutanen Guangzhou na asali wani yaren Sinanci da ake kira Kantonis suke yi mai kari 6, kar ka fara da shi, Mandarin ya ishe ka a kasuwa. Ka koyi pinyin tukuna, wato rubutunsu da haruffan boko, ka bar zanen haruffansu sai gaba, kana sauraron murya a waya kana maimaitawa da ƙarfi ko minti 15 ne kullum bayan asuba, ka fara da lambobi da gaisuwa.