Shafin ya yi kyau a kwamfutarka, a wayar kwastoma fa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa da leshi a Kantin Kwari, na biya wani yaro ya haɗa mini shafin intanet. A kwamfutarsa komai tsaf, amma kwastomomi sai kira suke wai hotuna ba sa buɗewa, maɓallin oda kuma ko an danna ba ya motsi. Shi ya ce wayoyinsu ne marasa kyau. Maganar wa zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki ɗauki ta kwastoma. Babu wanda zai canja waya don ya sayi turmin atamfa, wani shagon zai nufa.

Ki fara tambayar masu ƙorafin da wace burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, suke shiga. Ina kyautata zaton za ki ji Opera Mini. Mutanenmu na son ta saboda tattalin data, kuma ga yadda take yin tattalin: idan an saita ta a matakin matse data na ƙarshe, ba wayar ce ke ɗauko shafin kai tsaye ba. Kwamfutocin kamfanin Opera ne ke buɗe shi, su matse, sannan su turo wa wayar. Lambobin JavaScript da ke sa maɓallai motsi ɗan lokaci kaɗan ake ba su a can. Maɓallin da ya dogara kacokan a kansu sai ya iso wayar a mace. Maganin ba wuya: yaron ya mayar da maɓallin odar mahaɗi na gaske, wanda zai kai mutum WhatsApp ɗinki ko wani fom mai sauƙi. Kwalliya ta biyo baya.

Akwai kuma tsofaffin wayoyi. Tun ƙarshen 2023 Chrome ya daina sabuntawa a Android 7, sun tsaya a siga ta 119, alhali irinsu na nan a hannun jama'a. Kafin yaron ya saka wata sabuwar dabara, ya leƙa caniuse.com, zai ga burauzar da ta san ta da wadda ba ta sani ba.

Hotunan kuwa nauyi ne. Hoto ɗaya daga kyamarar waya yakan kai megabait 4 ko fiye, to ki lissafa zani talatin a shafi guda, ga netwok na cikin kasuwa. A rage kowanne ya dawo kamar kilobait 150, a tsarin WebP ko JPEG. Zanen atamfar zai fito ras.

Kada ki cika masa ragowar kuɗinsa sai kun yi gwaji tare. Ki ari ƙaramar itel ɗin yaron shago, a kashe Wi-Fi, a fita bakin layi cikin rana, ki yi oda da kanki tun daga farko har ƙarshe.

Tambaya: Ina rubutun Hausa a shafina, amma ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa kamar akwati, wani lokacin kuma wasu alamomi barkatai. In daina sa su ne?

Amsa: A'a ɗan'uwa, gyara za ka yi. Cuta biyu ka haɗa. Idan ƙ ta koma Æ™, shafin bai gaya wa burauza cewa da UTF-8, tsarin ajiye haruffa a kwamfuta, aka rubuta shi ba, sai ta karanta harafi ɗaya a matsayin biyu. Ka sa layin `<meta charset="utf-8">` a saman shafin, ka kuma duba rumbun bayanan, shi ma ya kasance a kan utf8mb4.

Akwati kuwa na nufin salon rubutun da ka zaɓa ba shi da harafin kwata-kwata. Wani lokacin ma ba akwati za ka gani ba, harafin zai fito amma ya bambanta da 'yan'uwansa, siriri ko a karkace, saboda burauza ta aro shi daga wani salon. Noto Sans na Google da Andika na SIL duk suna da haruffanmu, har da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa, kuma kyauta ne. Kafin ka amince da kowane salo, rubuta Ƙ Ɗ Ɓ manya da ƙanana ka gani da idonka.

Tambaya: Malam, ni mai larurar gani ne, da TalkBack, manhajar da ke karanta mini abin da ke kan allon waya, nake amfani. Makarantu da ofisoshi sai su sa sanarwa a hoto, wayata ta ce "hoto" kawai ta yi shiru. Mene ne mafita?

Amsa: Allah ya ƙara lafiya Malam. A ɓangarenka, manhajar Lookout ta Google na iya karanto rubutun da ke cikin hoto, duk da takan yi tuntuɓe a Hausa. Amma laifin ba na wayarka ba ne, don haka bari in juya ga masu haɗa shafuka.

TalkBack da VoiceOver na iPhone da NVDA na kwamfuta rubutu suke karantawa. Ranar jarrabawa ko kuɗin fom da aka zana cikin hoto, a wurinsu babu shi. Ku rubuta sanarwar da haruffa a ƙasan hoton, kowane hoto kuma ku cike masa gurbin alt, wato wurin bayanin hoto, da bayani mai ma'ana: "jadawalin jarrabawar aji uku", ba "IMG_2041" ba. Kowane gurbi a fom ya sami suna, don mutum ya san inda zai sa lambar waya. Ku sa `lang="ha"` a shafin Hausa, don manhaja ta san da Hausa aka rubuta shi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne rubutu ruwan toka a kan fari, wai gayu. Ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa wa masu larura amfani da shafi, na ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai 4.5 zuwa 1. Ba makafi kaɗai wannan ke taimaka wa ba, har dattijon da ya manta tabarau a gida. Kada kuma ku hana mutum ƙara girman shafi da yatsu biyu. Najeriya na da dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman tun Janairun 2019, bai kamata shafin hukuma ya zama shi ne mai rufe ƙofa ba.

Gwajin kyauta ne: ku ajiye linzamin kwamfuta, ku zagaya shafin da maɓallin Tab kaɗai. Inda kuka maƙale, nan mai tambayar nan yake maƙalewa kullum.

Tambaya: Shafin wurin aikinmu ya ce sai da burauzar Internet Explorer, ni kuma babu ita a sabuwar kwamfutata.

Amsa: Microsoft ya yi mata ritaya ranar 15 ga Yuni, 2022, kada ka sauko da ita daga wani shafi, ƙwayar cuta za ka kwaso. Buɗe Edge, burauzar Microsoft da ta maye gurbinta, shiga saituna, ka kunna yanayin Internet Explorer, sai ka sake loda shafin a cikinsa. Kamfanin ya ce zai riƙe wannan yanayin aƙalla zuwa 2029, don haka ka sanar da masu kula da shafin su fara shirin sabunta shi tun yanzu.