Monitar Wasa Da Aka Saya Da Rangwame Ta Fito Da Aibi: Me Doka Ta Ce?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Makonni biyar da suka wuce na sayi babbar monita, wato allon kwamfuta, mai inci 32 a wani shago a Kano domin wasan kwamfuta da aikin zane. An ce mini sabuwa ce, an rage kuɗinta daga naira 420,000 zuwa 310,000 saboda za a kawo sabon kaya. A shagon kunna ta kawai aka yi na ga ta kawo haske. A gida na ga wasu ɗigogi baƙaƙe guda huɗu kusa da tsakiya, daga baya wani siririn layi kore ya fito daga sama har ƙasa, kuma 165Hz ɗin da aka rubuta a kwali, wato yawan sabunta hoton allon a daƙiƙa guda, ban taɓa samun fiye da 60 ba. Mai shagon ya nuna mini rasit inda aka buga cewa kayan da aka saya ba a dawo da su, ya ƙara da cewa ai da rangwame na saya. Ina da mafita?

Amsa: Malam, kana da mafita, kuma doka ta fi karkata gare ka fiye da yadda mai shagon ya nuna maka. Sai dai lokaci yana tafiya, don haka zan fara da shi.

Dokar da ta fi shafar lamarinka ita ce Dokar Gasar Kasuwanci da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a farkon 2019, kuma ita ce ta kafa FCCPC, hukumar tarayya mai kula da gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye. Sashe na 131 ya ba duk mai saye haƙƙin samun kaya masu inganci, masu aiki yadda ya kamata, marasa aibi, waɗanda za su yi ƙarko na tsawon lokacin da hankali zai ɗauka. Sashe na 132 ya ce idan kayan suka gaza cika waɗannan sharuɗɗa, mai saye zai iya mayar da su cikin wata uku daga ranar da ya karɓa, ba tare da an ci shi tara ba, kuma ɗawainiyar mayarwar tana wuyan mai sayarwa, wanda dole ne ya gyara, ko ya canza, ko ya mayar da kuɗin. Ka ci makonni biyar daga cikin wata ukun nan, saboda haka kada ka bari ragowar ta ƙare a zirga-zirgar "dawo gobe, maigida ba ya nan".

Rubutun da ke kan rasit ɗin ba ya da ƙarfin da ake tsorata mutane da shi. Sashe na 129 ya hana ɗan kasuwa sanya sharaɗin da zai raba mai saye da haƙƙinsa na mayar da kaya masu aibi. Irin wannan rubutu zai iya yin amfani a kan wanda ya kai kaya gida lafiya lau, sannan ya ga girman monitar ya yi wa teburinsa yawa ko ya hango mai araha a wani shagon, domin doka ba ta tilasta wa ɗan kasuwa karɓar kaya don kawai mai saye ya sauya ra'ayi. Amma a kan kayan da suka lalace, ba ya kare kowa.

Batun rangwame shi ne zuciyar rigimar, kuma a nan nake so ka tuna da kyau abin da aka faɗa maka a bakin kanta. Ragin farashi iri biyu ne. Akwai wanda ake yi don a kwashe kaya a samu wurin sababbi, kamar yadda aka gaya maka, kuma wannan ba ya taɓa haƙƙinka ko kaɗan, domin sabuwar monita aka sayar maka ko da an rage kuɗinta. Akwai kuma wanda ake yi saboda wani aibi da aka nuna wa mai saye, a ce masa ga tabo nan, shi ya sa aka rage. Wanda ya gani ya amince ba zai dawo ya yi ƙorafi a kan wannan tabon ba. Idan kuma ta tabbata cewa monitar ta hannu ce ko gyararriya aka mayar cikin kwali, laifin mai shagon ya ƙaru, domin sashe na 117 ya wajabta a bayyana hakan a fili. Duba cikin saitin monitar, domin wasu suna nuna adadin awannin da suka yi a kunne, sannan ka gwada lambar da ke bayanta da wadda ke jikin kwalin.

Wajibi ne in faɗa maka inda hujjarka take da rauni. Maganar 60Hz ba lallai ne laifin monitar ba, domin sau da yawa Windows tana tsayawa a kan 60 har sai mutum ya shiga saitin nuni ya ɗaga da kansa, kuma tsohuwar wayar HDMI, wadda ke haɗa monita da kwamfuta, sau da yawa ba ta iya ɗaukar 165Hz. Ka gwada da wata irin wayar haɗin da ake kira DisplayPort a wata kwamfutar kafin ka sa wannan cikin ƙorafinka, don kada a karya shi a gaban jama'a a raunana sauran maganarka. Ɗigogin nan huɗu ma za a yi gardama a kansu: kamfanoni da yawa ba sa ɗaukar 'yan ɗigogi kaɗan a matsayin aibi a garantinsu, kuma za a ce ka duba kayan kafin ka biya. Amsarka ita ce kunnawa na ɗan lokaci ba dubawa ba ne, domin irin wannan aibi ba ya fitowa sosai sai an cika allon da fari ko wani launi guda. Layin koren shi ne hujjarka mafi ƙarfi. Za a ce wutar NEPA ce ta yi ɓarna, amma sashe na 145 ya ɗora wa mai sayarwa nauyin tabbatar da cewa kayansa ba su da aibi. Kada ka kai ta wurin mai gyara ya kwance ta, domin da zarar an buɗe bayanta ka ba su abin fakewa.

Ka ɗauki hoton allon da bidiyonsa yau, ka adana rasit da kwali da shaidar tura kuɗi ta banki da duk saƙon WhatsApp da ke tsakaninku. Sannan ka rubuta wa mai shagon takarda mai kwanan wata, ka bayyana aibin, ka ambaci sashe na 132, ka faɗi abin da kake nema, ka ba shi kwana bakwai, kuma ka sa a sa hannu a kan kwafinka. A shawarata ka nemi canji ko kuɗinka, domin gyaran allon da ya yi layi yakan nufi sauya gilashin gaba ɗaya, kuma da wuya a samu na asali. Ka kai kwafi ga shugabannin ƙungiyar kasuwar, waɗanda sukan kashe irin wannan magana cikin yini guda saboda ba sa son sunan kasuwarsu ya ɓaci.

Idan ya ƙi, sashe na 146 ya ba ka damar kai ƙorafi ga FCCPC, wadda ke karɓa ta intanet, ko ka tafi kotu kai tsaye. Jihar Kano tana da tata hukumar kare haƙƙin masu saye, tana kuma da kotun ƙananan ƙararrakin kuɗi a ƙarƙashin kotunan majistare, inda mutum zai iya tsayawa da kansa ba tare da lauya ba. Idan ku biyun Musulmi ne, kotun shari'ar Musulunci ma tana sauraron rigimar ciniki, kuma fiƙihun Malikiyya ya san zaɓin mayar da kaya saboda aibin da aka ɓoye, da sharaɗin kada mai saye ya ci gaba da morar kayan bayan ya gano aibin, don ana ɗaukar hakan a matsayin yarda. Saboda haka ka daina amfani da monitar daga yau.

Ofishin 'yan sanda ba wurin wannan magana ba ne, domin sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, kuma wanda ya sa aka tsare ɗan kasuwa a kan haka zai iya samun kansa ana ƙararsa kan tauye haƙƙi. Idan kwana bakwan suka cika bai amsa ba, ka ɗauki takardar da rasit ɗin ka nuna wa lauya ko magatakardar kotu kafin wata na biyu ya ƙare.