Na'urar gano motsi tana tashinmu da dare ba kowa: ta lalace ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kafa na'urar gano motsi a bangon gidana ta waje, tana kallon ƙofar shiga, na haɗa ta da jiniya. Kusan kullum cikin dare sai ta tashe mu, mu fita mu duba ba kowa. Abin da ya fi ɗaure min kai, rannan da tsakar rana na taho daga ƙofa kai tsaye zuwa wurinta, ba ta yi ƙara ba sai da na kusa taɓa bango. Lalacewa ta yi, ko in rage mata ƙarfi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka rage mata ƙarfi tukuna. Da wuya in lalacewa ce. Alamun nan biyu duk wurin da aka kafa ta suke nunawa.

Yawancin na'urorin nan, masu tambarin PIR, ba hoto suke gani ba, ɗumin jiki suke ji. Farar robar da ke fuskarta an tsaga ta gida-gida, kowane gida na kallon wani tsagi na harabar, kamar yatsun hannu in ka ware su. Na'urar tana farkawa ne in abu mai ɗumi ya tsallaka daga wannan tsagi zuwa wancan. Wanda ya nufo ta kai tsaye yana iya yin tafiya mai nisa cikin tsagi ɗaya, shi ya sa ba ta kula ka ba. Ga kuma zafin rana: in ƙasa da bango suka gasu har suka kusa digiri 35, ɗumin jikin mutum ya saje da nasu, ganinta ya ragu. Mayar da ita gefe, yadda duk mai shigowa dole ya gitta ta gabanta.

Ƙarar dare kuwa, tsaya a ƙarƙashinta ka dubi abin da take fuskanta. Bututun hayaƙin janareta, injin sanyaya ɗaki da ke huro iska mai zafi waje, reshen bishiya da iska ke kaɗawa, motocin da ke wucewa a titi, duk suna tayar da ita. Amma wanda aka fi mantawa shi ne ƙwan fitila. In kana da fitila dab da na'urar, ƙwari za su taru, tsaka da gizo-gizo su biyo su. Tsaka ɗaya in ta bi ta kan robar nan, a wurin na'urar daidai take da ƙato a tsakar gida. Raba na'urar da fitilar, ka share saƙar gizo-gizon.

Tsayin kafawa yawanci mita 2 zuwa 2.5 ne, ganinta kuma ya kai mita 10 zuwa 12, sai dai akwai waɗanda aka ƙera don a kafa su ƙasa, wajen mita 1, don haka bi abin da takardarta ta ce. Na'urorin da ake cewa ba sa kula kyanwa da kare, gaskiya ne, muddin dabbar ƙarama ce kuma tana ƙasa. Kyanwa in ta hau katanga ko kan mota, magana ta canza. Wasu na'urorin na zuwa da 'yan takardun mannawa da ake rufe tsagin da ke kallon titi. In duk ka yi wannan ba ta daina ba, ni dai shawarata ka sauya da mai ido biyu, wadda ta haɗa jin ɗumi da rada (mai gano motsi da igiyar rediyo), ba ta yin ƙara sai duka biyun sun yarda. Ka dai taƙaita nisan radar, don tana ratsa gilashi da siririn shinge.

Duba jikinta ko an rubuta IP65 ko sama da haka, alamar ƙura ba ta shiga kuma tana jure feshin ruwa. Waya ta shiga ta ƙasa, a lanƙwasa ta ta ɗan sauko kafin ta hau, ruwan sama ya ɗiga a nan maimakon ya bi ta zuwa ciki. Toshe ramin wayar sosai, don tururuwa na son ɗumin ciki.

Goge robar da tsumma mai laushi da ɗan ruwa, ban da fetur ko tina. In ta yi rawaya ko ta tsage saboda rana, a canza ta. Mai batir, kada ka jira ya mutu. Da ta nuna ya yi sanyi ka sa sabo.

Bayan kowane gyara, kunna ta, ba ta kamar minti 1 ta daidaita, ka sa ta a yanayin gwaji. Gitta ta gabanta a hankali, sannan da sauri, sannan a sunkuye kamar mai saɗaɗawa, kana duban 'yar fitilar jikinta da ke kunnuwa in ta gano motsi. Yi haka da rana tsaka, ka maimaita da dare, ka sake yi duk wata.